FASHIN BAƘI: DNS, jagoran da ke nuna wa waya hanya a intanet, da yadda ake gano wanda ke riƙe da shi

A shekarar 2021, mutanen da ke zaune a kan titin Gusau zuwa Tsafe sun ga ɗaukewar intanet iri uku, kuma duk ukun da magana ɗaya aka kira su a tasha da teburin mai shayi: babu netwok.

Na farko ya zo ranar Asabar 5 ga Yuni, lokacin da Twitter ya daina buɗewa bayan gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da shi, alhali sauran shafuka na aiki lafiya lau. Na biyu ya fi ciwo. Ranar 3 ga Satumba hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe ƙarafunan sabis a faɗin Zamfara, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, da hujjar yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu ne, amma Gusau ba ta ga sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka sanar da ɗage dokar. Na uku ya faɗo ranar Litinin 4 ga Oktoba. Wanda ya biya kuɗin mota daga Kwatarkwashi zuwa Gusau a ranar domin ya aika saƙo, ya tarar da sabis a cike, amma daga la'asar Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace a duniya baki ɗaya na kusan awa 6.

Cututtuka ne mabambanta. A ɗaya an kashe hanya ɗungurungum, a ɗaya an tare ƙofar gida guda, a ɗayan kuma gidan yana nan amma duk wanda aka tambaya kwatancensa ya rasa amsa. Wanda bai iya rarrabe su ba zai yi ta kashe waya yana kunnawa, ko ya ɗora wa gwamnati laifin injiniya, ko kuma, wanda ya fi muni, ya ɗauki toshewar da aka yi da gangan a matsayin matsalar sabis. Mabuɗin rarrabewar shi ne wani tsari da ake kira DNS, wato tsarin sunayen shafuka, wanda kowace waya ke tambaya sau ɗaruruwa a rana ba tare da mai ita ya sani ba.

Suna na mutane, lamba ta na'ura

Kwamfutoci ba su san suna ba. Kowace na'ura da ke kan intanet ana samun ta ne da lamba, wadda ake kira adireshin IP. Tsohon salonsa lambobi 4 ne da ɗigo ya raba, kowacce daga 0 zuwa 255, kamar 8.8.8.8. Sabon salon ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Ɗalibar da ta rubuta fugusau.edu.ng domin duba sakamakonta a Jami'ar Tarayya ta Gusau ba ta bai wa wayarta adireshi ba tukuna, suna kawai ta ba ta. Kafin ko da harafi ɗaya na shafin ya sauko, sai an juya sunan zuwa lamba.

A farkon zamanin intanet, sunayen duk kwamfutocin da aka haɗa suna cikin fayil guda ɗaya mai suna HOSTS.TXT, wanda wani ofishi a cibiyar bincike ta Stanford a Amurka ke riƙe da shi ƙarƙashin Elizabeth Feinler. Mai son a saka na'urarsa sai ya tuntuɓi ofishin, kowa kuma ya riƙa kwafo sabon fayil. Da kwamfutoci suka yawaita, littafi ɗaya ya gaza. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, kuma dabararsa ita ce kada kowa ya san komai. A raba sanin hawa-hawa, kowa ya riƙe nasa yanki, ya kuma san wanda zai tura mai tambaya gare shi.

Bazamfare ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan, domin haka ƙasarsa take tafiya. Baƙon da ya sauka a masarautar Kwatarkwashi yana neman gidan wani manomi, fada ba ta riƙe da sunan kowane magidanci, amma ta san uban ƙasar da yankin ke hannunsa. Uban ƙasa ya tura shi wurin hakimi, hakimi ya haɗa shi da mai unguwa, mai unguwa ya nuna masa ƙofar. Bambancin kawai shi ne waya ba ta yin wannan zagaye da kanta. Tana da ɗan aike, wata kwamfuta da aikinta ke nan, kuma idan ba a sauya komai ba, ɗan aiken na kamfanin layin ne: MTN ko Airtel ko Glo, duk wanda katinsa ke cikin wayar.

Ga yadda tafiyar take. Ɗan aike ya karɓi fugusau.edu.ng, sai ya fara daga dama. Ya tambayi tushe: wa ke riƙe da .ng? Tushe ya ba shi adireshin kwamfutocin .ng. Ya tambaye su, su kuma su nuna masa kwamfutar da jami'ar ta wakilta ta riƙe mata rajistarta. Wannan ta ƙarshen ita ce mai amsa ta haƙiƙa, ita ke faɗin lambar. Duk wannan ba ya kai daƙiƙa ɗaya. Kuma kamar ɗan kabu-kabun da ya kai fasinja wani gida da safe, ɗan aiken ba ya sake tambaya idan wani fasinjan ya zo da rana. Yana ajiye amsar na tsawon lokacin da mai shafin ya ƙayyade, wani minti 5, wani yini guda. Wannan ajiya ce ke sa wani lokaci shafin da ya sauya mazauni ya buɗe a wayar mutum ya ƙi buɗewa a ta maƙwabcinsa.

A nan ne abin da ya faru da Facebook ke fitowa fili. Wani umarni da aka bayar cikin kuskure yayin gyara ya yanke hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin kamfanin, sai kwamfutocinsa masu amsa tambayar suna suka janye kansu daga taswirar intanet. 'Yan aiken duniya suka yi ta sallama babu mai amsawa. Hotuna da saƙonni suna nan a ajiye, amma babu mai iya faɗin inda suke.

Wa ke riƙe da tushe, wa ke riƙe da .ng

Akan ji ana cewa kwamfutoci 13 ne ke riƙe da intanet. Maganar ta yi kusa da gaskiya amma ba ta kai ba. Sunaye 13 ne, daga A zuwa M, a hannun hukumomi 12, kuma kowane suna yana da kwafi birjik, jimillarsu sama da 1,000 a nahiyoyi daban-daban. Jerin da suke rabawa, wanda ya ƙunshi .com da .org da .ng da .ne ta Nijar da sauransu, yana ƙarƙashin kulawar ICANN, ƙungiyar da aka kafa a 1998 mai hedikwata a Los Angeles. Har zuwa 1 ga Oktoban 2016 gwamnatin Amurka na da hannu kai tsaye wajen sa ido a kan wannan jeri, sannan yarjejeniyar ta ƙare.

Najeriya ta samu .ng a 1995. Bayan shekaru na taƙaddama kan wanda ya cancanci riƙe shi, an kafa ƙungiyar NiRA a 2005, ita ce ke kula da rajistar har yau daga Legas. A ƙarƙashin .ng akwai ƙofofin da kowa zai iya shiga da kuɗinsa, kamar .com.ng, akwai kuma waɗanda aka killace. Ba a bayar da .gov.ng sai ga hukumar gwamnati, ta hannun hukumar NITDA, .edu.ng kuma na manyan makarantu ne.

Wannan ɗan bayani ya fi duk sauran amfani ga matashin da ke neman aiki ko tallafi. Mai ikon shafi yana ƙarshen sunan ne, ta dama, kafin sandar farko da ta karkata. Duk abin da ke hagu, mai shafin ne ke rubuta abin da ya ga dama. Saboda haka jamb.gov.ng na hukumar JAMB ne, amma da a ce wani zai turo jamb.gov.ng.tallafi-kyauta.xyz a zauren WhatsApp, mai wannan shafi shi ne wanda ya sayi tallafi-kyauta.xyz, kuma JAMB ɗin da ke gaba ado ne kawai. Da irin wannan ake karɓe lambar BVN da NIN daga hannun mutanen da ba su rasa wayo ba, sun dai karanta sunan daga hagu kamar yadda aka koya musu karatun boko. Ɗan makarantar allo, wanda idonsa ya saba farawa daga dama, ya fi kusa da daidai a nan. Sai dai ba duk hukumomi ne suka taimaka ba. Hukumar zaɓe ta INEC ta daɗe tana amfani da inecnigeria.org, sunan da ba ya cikin killataccen gidan gwamnati, kuma irin wannan na sa ɗan ƙasa ya rasa ma'auni guda da zai riƙe.

Wani abin lura ga mai rubuta Hausa: asalin tsarin bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Haruffan a zuwa z, lambobi, da karan ɗori kaɗai ya yarda da su. An ƙirƙiro hanyar shigar da wasu haruffa tun 2003, amma ba kowace rajista ke karɓarsu ba, shi ya sa ƙasa da kasa, ko ɗaki da daki, kan zama abu ɗaya a adireshin shafi.

Idan ɗan aike ya yi ƙarya

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma karin maganar ta ɗauka cewa wanda aka tambaya mai gaskiya ne. An gina DNS a zamanin da masu amfani da intanet 'yan tsiraru ne da suka san juna, don haka tambaya da amsa suna tafiya a buɗe, ba kulle ba hatimi. Abu biyu suka biyo bayan haka. Mai ɗan aiken yana ganin sunan kowane shafi da waya ta nema, ko da bai ga abin da aka karanta a ciki ba. Sannan yana iya cewa babu wannan gida, ko ya nuna wani gidan daban.

Wannan ita ce hanya mafi arha ta toshe shafi, kuma an yi amfani da ita a Najeriya. A ƙarshen 2017 NCC ta umarci kamfanoni su toshe shafuka 21, akasarinsu masu alaƙa da fafutukar Biyafara. Binciken da ƙungiyoyin OONI da Paradigm Initiative suka fitar a 2018 ya nuna cewa kamfanonin sun bi hanyoyi daban-daban, ciki har da murɗe amsar DNS. A watan Janairun 2021 kuma masu karatu a kan manyan layukan ƙasar suka kasa buɗe jaridar intanet ta Peoples Gazette. Jaridar ta ɗauki sabon suna, gazettengr.com, ta ci gaba da bugawa. Babu kotun da ta yi zama a bainar jama'a kafin waɗannan toshewa, kuma mai waya bai ga wata sanarwa a fuskar wayarsa ba, illa shafi da ke ta juyawa. Toshewar da ta yi kama da lalacewa ta fi wadda aka yi shelarta haɗari, domin ba ta barin wanda za a tuhuma.

Mutanen Turkiyya sun gane bakin zaren a watan Maris na 2014. Da gwamnatin Erdogan ta toshe Twitter ta wannan hanya, sai aka wayi gari an rubuta 8.8.8.8 da fenti a bangon gine-gine a Istanbul, wato lambar ɗan aiken Google na kyauta. Duk wanda ya sauya saitinsa ya koma Twitter. Labarin bai ƙare a nan ba, kuma rabinsa na biyu ne ba a cika bayarwa ba: cikin kwanaki kaɗan kamfanonin sadarwar ƙasar suka fara tare tambayoyin da aka aika wa 8.8.8.8 suna amsawa da sunan Google.

Inda saitin yake

A wayoyin Android daga na 9 zuwa sama, waɗanda su ne akasarin Tecno da Infinix da itel da Samsung da ke hannun matasa, akwai wuri mai suna "Private DNS". Kowane kamfani da inda yake ɓoye shi. A wasu yana ƙarƙashin "Network & internet", a Samsung yana cikin "Connections" sannan "More connection settings". Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe "Settings" a rubuta DNS a gurbin bincike. Zaɓi 3 ne a ciki. "Off" da "Automatic" duka suna barin waya da ɗan aiken kamfanin layi ko na mai Wi-Fi, sai dai na biyun yana ƙoƙarin kulle tambayar idan ɗan aiken ya iya. Na ukun yana bai wa mutum damar rubuta sunan wanda ya zaɓa: dns.google na Google, one.one.one.one na Cloudflare, ko dns.quad9.net na Quad9, gidauniyar da ke Suwizalan wadda ke ƙin amsa sunayen shafukan da aka san na damfara ne. A wannan gurbi suna ake rubutawa, lamba ba ta shiga. Da zarar an adana, tambayoyin na tafiya a kulle, a kan data da Wi-Fi duka, kuma irin tarewar da aka yi a Turkiyya ta yi wuya.

A iPhone ana shiga "Settings", sai "Wi-Fi", a taɓa ƙaramin harafin i da ke gefen sunan netwok, a gangara zuwa "Configure DNS". A nan lambobi ake sakawa, kamar 1.1.1.1 ko 9.9.9.9, kuma sauyin ya tsaya ga wannan Wi-Fi ɗin kaɗai. A kwamfuta mai Windows, irin ta shagunan rajistar jarrabawa a Gusau, a buɗe "Command Prompt" a rubuta ipconfig /all, za a ga layin "DNS Servers" da lambobin da ke gabansa. Umarnin nslookup tare da sunan shafi yana nuna ɗan aiken da aka tambaya da amsar da ya kawo. Idan aka ƙara 8.8.8.8 a ƙarshen umarnin, an tambayi Google ke nan. Amsoshi biyun kan iya bambanta ba tare da wata manaƙisa ba, domin manyan shafuka na da mazauni da yawa. Amma idan ɗaya ya kawo lamba, ɗayan ya ce sunan babu shi, akwai abin dubawa. Umarnin ipconfig /flushdns kuma yana share tsofaffin amsoshin da kwamfutar ta ajiye. Masu MiFi ko rauta za su ga saitin a shafin na'urar, wanda adireshinsa, galibi mai farawa da 192.168, ke rubuce a jikinta ko ƙarƙashin batir.

Duba wurin yana da amfani ko da ba za a sauya komai ba. Wayar da aka saya hannu, ko wadda ta kwana wurin gyara, ko wadda aboki ya "saita" domin ta daina nuna talla, tana iya ɗauke da sunan ɗan aiken da mai ita bai taɓa ji ba. Masu toshe talla irin su AdGuard da wannan dabara suke aiki, suna ƙin amsa sunayen kamfanonin talla, wato dai abin da mai toshe jarida ke yi, sai dai wannan da yardar mai waya. Baƙon suna da ba a san mai shi ba kuwa, an miƙa masa jerin duk inda waya ke zuwa, da ikon karkatar da ita. A mayar da shi "Automatic". Haka ma idan an yi kuskuren harafi ɗaya wajen rubuta sunan, wayar za ta nuna sabis amma babu abin da zai buɗe, kuma maganin ɗaya ne.

Abin da sauyin ba ya yi

Ba ya ƙara data, ba ya ba da intanet kyauta, duk da abin da wasu bidiyoyi ke yaɗawa. Ba ya ƙara ƙarfin sabis a ƙauyen da dutse ya tare. Ba ya mayar da mutum marar ganuwa, domin kamfanin layi yana ganin lambar da waya ta nufa, sau da yawa har da sunan shafin a farkon haɗuwa, kuma layin yana ɗaure da NIN. Sannan sirrin bai ɓace ba, hannu ya sauya: abin da MTN ke gani da, yanzu Google ko Cloudflare ke gani, kamfanonin da ke ƙarƙashin dokar Amurka. Mutum ne zai auna wanda ya fi yarda da shi, ko wanda ya fi tsoro.

Idan kuma toshewar ta wuce matakin suna ta kai ga lambar kanta, sauya ɗan aike ba ya isa. Shi ya sa a kwanaki 222 da Twitter ya yi a rufe, har zuwa 13 ga Janairun 2022, manhajojin VPN ne suka yi tashe, waɗanda ke ɗauke duk zirga-zirgar waya su bi da ita ta wata ƙasa. Ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya yi barazanar gurfanar da masu kewaye dokar. A watan Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki.

Akwai ɗan gwaji da kowa zai iya yi a tsaye.   In shafi guda ne ya ƙi a kan layi ɗaya ya buɗe a wani, ko ya buɗe bayan an sauya DNS, to a fara tambayar wanda ya ba da umarni. In ya ƙi a kowane layi da kowane saiti, da alama matsalar daga gidan mai shafin take, kamar ranar 4 ga Oktoba.

In kuwa sandunan sabis sun ɓace daga saman waya, babu saitin da zai yi magani. A Satumbar 2021 mutanen Gusau da Tsafe da Kwatarkwashi sun riƙa hawa mota zuwa Funtuwa domin su kira 'yan uwa ko su tura kuɗi. Kafin mako biyu su cika, aka kashe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtuwar, sai tafiyar ta ƙara nisa.